Daga Zariya zuwa Guangzhou: ta Adis, ta Alƙahira, ta Doha ko ta Istanbul?

Ɗan yayata yana da shagon kayan waya a PZ, nan Zariya. Shekara huɗu ke nan yana tura kuɗi ana yi masa sari a Sin, bana ya ce zai je da ƙafarsa ya ga masu kayan ido da ido. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya same ni a zaure, ya miƙo mini waya da hotunan tikiti huɗu da ejan ya turo masa.

"Kawu, don Allah duba mini. Wannan an rubuta awa 19, wannan 23, wannan kuma har 31. Ba gari ɗaya za a je ba? Ko wani jirgin ya fi wani gudu ne?"

Na ce masa ba wanda ya fi wani gudun a zo a gani. Manyan jiragen nan duk tsakanin kilomita 850 da 900 suke ci a awa idan sun daidaita a sama. Idan ka miƙe zare a kan taswira daga Kano zuwa Guangzhou, kusan kilomita 10,900 ne, daga Abuja kuma kusan 11,200. Da akwai jirgin da ke tashi ɗoɗar, awa 13 da 'yan kai ta ishe shi. To babu. Dole a yada zango a wata ƙasa a canza jirgi, kuma a wurin zangon nan ne awannin suke ɓacewa. Kafin zangon ma akwai wata tafiyar da tikiti ba ya faɗa: Bazazzagi ba ya hawa jirgi a garinsu. Mu da muke da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan tun 1964, kullum ƙananan jiragen ɗalibai na shawagi a kanmu, amma idan tafiya ta kama mu sai mun nemi mota a Kwangila.

Abin da za a auna

Abu biyar na ce ya riƙe. Tsawon tafiya tun daga ƙofar gida har ƙofar masauki, ba awannin sama kaɗai ba. Kuɗi, haɗe da na mota da na kwana da na awon kaya. Ɗorewar hanyar, wato sau nawa jirgin ke tashi a mako, kuma idan ka rasa na yau yaushe ne na gaba. Sauƙi ga wanda bai taɓa fita ba. Sai haɗarin da ke iya ɓata lissafi.

Kano ko Abuja

Wannan shi ne zaɓin farko, kuma a ganina ya fi zaɓin kamfani nauyi. Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne, awa biyu zuwa biyu da rabi har filin jirgin Malam Aminu Kano, tunda filin a cikin gari yake. Mutum zai iya yin asuba a gida, ya karya, ya kama hanya, ya isa da sauran lokaci. Abuja kuwa kusan kilomita 270 ce, kuma aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara tun 2018 ya koya wa kowa kada ya yi wa hanyar nan alkawarin lokaci. Awa huɗu ce idan an yi sa'a, tana iya zama shida. Akwai jirgin ƙasa daga Rigasa ta Kaduna zuwa Idu ta Abuja, kilomita 186, yana aiki tun 2016, amma sai ka fara kai kanka Kaduna, ka samu tikiti, kuma lokacinsa ya dace da naka. Bayan harin Maris 2022 ya tsaya har Disamba. Gaskiyar magana, wanda zai tashi ta Abuja ya sa kuɗin kwana ɗaya a lissafinsa, ya tafi tun jajibiri.

Abin da Abuja ta fi Kano shi ne yawan jirage. Kamfanonin sun fi tashi daga can a kai a kai, don haka idan an soke tafiya ba ka daɗe kana jira. Kano kuma tana da matsalarta ta hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe gari har jirgi ya kasa sauka, a karkatar da shi ko a ɗaga tafiya. Idan tafiyarka ta faɗo a watannin nan, kada ka ɗauki tikitin da zangonsa awa ɗaya da rabi ne kacal.

Ga lissafin nisan a miƙe. Awannin na zuwa ne, kuma kimantawa ce, ba a haɗa da jira ba.

| Hanya | Zango na farko | Zango na biyu | Jimillar nisa | Awanni a sama |
|---|---|---|---|---|
| Kano, Adis Ababa, Guangzhou | km 3,300 | km 8,050 | km 11,350 | 15 zuwa 16 |
| Kano, Alƙahira, Guangzhou | km 3,100 | km 8,000 | km 11,100 | 14 da rabi zuwa 15 da rabi |
| Abuja, Doha, Guangzhou | km 5,000 | km 6,200 | km 11,200 | 15 zuwa 16 |
| Abuja, Istanbul, Guangzhou | km 4,150 | km 7,900 | km 12,050 | 16 zuwa 17 |
| Legas, Dubai, Guangzhou | km 5,900 | km 5,800 | km 11,700 | 15 zuwa 16 |

Ka ga ke nan tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo bambancin bai wuce awa biyu ba. Awa goma sha biyun da ke tsakanin tikitin 19 da na 31, a kan kujerar filin jirgi za a cinye ta. Dawowa kuma ta fi zuwa tsawo da kusan awa ɗaya, wani lokaci fiye, domin a can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Sin tana tura shi, mai dawowa yana kokawa da ita, kuma ta fi ƙarfi a lokacin sanyi.

Wani abin da ke rikita sabon matafiyi shi ne agogo. Sin tana gaban Najeriya da awa 7, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana ne. Idan ka bar Kano ƙarfe 1 na rana ranar Litinin, aka ce za ka sauka ƙarfe 4 na yamma ranar Talata, ba awa 27 ka yi ba, 20 ka yi. Adis, Doha da Istanbul duk suna gabanmu da awa 2, Alƙahira da awa 1, ko 2 a lokacin da suke tura agogonsu gaba.

Ta Adis Ababa

Wannan ita ce hanyar 'yan kasuwa, kuma ba banza ba. Ethiopian Airlines, wanda ya fara tashi tun 1946, yana zuwa Kano da Abuja da Legas da Enugu, ya gina tsarinsa ne a kan kwaso mutanen Afirka ta Yamma da rana, ya tara su a filin Bole da daddare, ya watsa su Asiya wajen tsakar dare. Dawowa ma haka: ka baro Guangzhou cikin dare, ka wayi gari a Adis, da hantsi ka kamo hanyar gida. Saboda haka jiran yakan zama gajere, awa uku zuwa huɗu, kuma jimillar tafiyar daga Kano tana iya tsayawa ƙasa da awa 20. Idan jiran ya kai tsakanin awa 8 da 24 kuma babu wani jirgin da ya fi kusa, kamfanin yana da tsarin ba da masauki a otal.

Ga wanda bai taɓa fita ba, babban amfanin hanyar nan shi ne mutane. Tun daga layin awo a Kano za ka ji Hausa, a ƙofar shiga jirgin Guangzhou ma ba za ka rasa wani Alhajin Kantin Kwari ko na Farm Centre da ya yi tafiyar sau ashirin ba. Ka gaishe shi da kyau, ka ce "Alhaji, wannan ce fitata ta farko", ka bi bayansa. Za ka koyi abin da ejan bai faɗa maka ba.

Wahalarta biyu. Da daddare filin yana cika maƙil, tunda kowa lokaci ɗaya yake isowa, layin bincike yana da tsawo, wurin zama yana wuya. Sannan Adis tana kan tudu, sama da mita 2,300, dare akwai sanyi ko da kuwa ka baro Zariya ana zafin Afrilu. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu. Game da abinci, ka ce wa ejan ya nema maka na Musulmi tun lokacin sayen tikiti, ana yin haka kyauta. A farashi, yawancin lokutan da na duba tana cikin biyun da suka fi sauƙi.

Ta Alƙahira

A kan taswira ita ce mafi kusa daga Kano. EgyptAir kamfani ne tsoho, tun 1932, mutanenmu sun san shi ta wajen Umara da neman magani da karatu a Azhar. Ba a raba giya a jirginsa, abincin halal ne, wanda ke jin Larabci ko kaɗan ne zai ji daɗin filin. Farashinsa ma kan yi kunnen doki da na Adis, wani lokaci ya fi sauƙi.

Inda ake faɗawa rami shi ne ranaku. Ba kullum jirgin ke zuwa Kano ba, don haka haɗuwar na Kano da na Guangzhou ba koyaushe take yin daidai ba. Tikitin awa 31 ɗin da aka turo wa yaron nan irin wannan ne: arha, amma da jiran da ya haura rabin yini. Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka ko akwai masauki a tikitin, kada ka tsaya a kan "ai suna bayarwa". Kuma ka duba dawowa da kyau, domin mutum ya jure dogon jira yana tafiya da kuzarinsa daban, ya jure shi bayan mako biyu yana yawo a kasuwa daban.

Ta Doha

Abin mamaki, idan ka ja zaren nan daga Kano zuwa Guangzhou, kusan ta kan Doha yake bi. Kuma a cikin huɗun nan ita ce ta fi raba tafiyar gida biyu daidai: awa bakwai da wani abu, a huta, sai awa takwas. Ga mai ciwon baya ko ƙafa, ko dattijo, wannan ya fi zaman awa goma a kujera ɗaya. Filin jirgin Hamad, wanda aka buɗe a 2014, yana da faɗi, da wuraren sallah da alwala masu tsafta, da ɗakunan hutawa na maza daban na mata daban. Idan za ka yi jiran awa shida, a nan ya fi daɗin yi.

Qatar Airways ya fara zuwa Kano a Maris 2022, kuma ta Abuja jirgin yake biyowa a lokacin. Don haka ka duba tikitinka: idan akwai tsayawa a Abuja, ka ƙara kilomita 360 da kusan awa biyu a lissafi. Duk da haka ya fi maka hawa mota zuwa Abujar.

Kuɗinsa yakan fi na biyun farko, ko da yake yana yin rangwame lokaci lokaci. Haɗarinsa kuma na yanki ne. A Yuni 2025, da Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka da ke Katar, an rufe sararin samaniyar ƙasar na wasu awanni, dubban matafiya suka maƙale. Duk lokacin da Gabas ta Tsakiya ta ɗau zafi, hanyar nan da ta Dubai su ke fara jin jiki. Sauran ma ba su tsira gaba ɗaya ba: tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 jirage ke kauce wa sararinta, abin da ya ƙara wa masu nufar gabas daga nan 'yan mintoci.

Ta Istanbul, da ta Dubai

Turkish Airlines daga Abuja ne, kuma hanyar tana yin arewa sosai kafin ta juyo gabas, shi ya sa ta fi sauran tsawo, har ta ɗara ta Alƙahira da kusan kilomita dubu. Sabon filin Istanbul, wanda aka koma gaba ɗaya a 2019, ƙato ne, daga wata ƙofa zuwa wata kana iya yin tafiyar minti ashirin a ƙasa. Abinci halal ne kuma mai kyau. Amma ga Bazazzagin da Guangzhou kawai ya nufa, ban ga dalilin biyo ta nan ba sai in farashi ya faɗo ƙwarai. Inda take da amfani shi ne ga mai sarin kayan sawa ko dogayen riguna na mata, wanda zai tsaya Turkiyya kwana biyu uku ya haɗa kasuwa biyu a tafiya ɗaya. Wannan kuma sai da bizar Turkiyya a hannu. Ba tare da ita ba, ko jiran ya kai awa goma sha biyar a cikin fili za ka yi shi.

Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, ya dawo ranar 1 ga Oktoba 2024, kuma Legas ya dawo. Ke nan sai ka hau jirgin cikin gida tukuna. Idan a tikiti daban ka sayi na cikin gidan kuma ya makara, asarar taka ce kai kaɗai. Na cire ta daga lissafin yaron.

Maganar kaya

A nan ne tikiti mai arha yake komawa mai tsada. Abin da aka saba a hanyoyin Afirka shi ne akwati biyu, kowanne kilo 23, amma yanzu akwai ƙaramin farashi da ke zuwa da akwati ɗaya, kuma a hoton da ejan zai turo maka ba lallai ka gani ba. Ka tambaya. Ba a kuma haɗa nauyi: mai kilo 30 da mai kilo 16 ba su zama 46 ba, na farkon ya yi kiba, za ka biya. Na taɓa durƙusawa a gaban kanta a Baiyun, filin jirgin Guangzhou, ƙarfe goma na dare, akwatuna a buɗe, ina kwashe caja daga wannan ina cusawa a wancan, mutanen layi suna tsallake ni. Tun daga ranar nake tafiya da ƙaramin sikeli na rataye. Babban sari kuwa ba a akwati yake dawowa ba, kago ko kwantena ake ba shi. Akwati na samfur ne da tsaraba.

Fawa bank da baturan waya ba sa shiga akwatin da za a auna, jakar hannu suke bi. Mai niyyar wucewa Yiwu, wani birnin sari a Sin, a jirgin cikin gida ya sani cewa tun ƙarshen Yuni 2025 Sin ta hana hawa da fawa bank da ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar, a jiragenta na cikin gida. Idan akwati ya ɓace, kada ka bar fili sai ka cike takardar rahoto. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Sin duk suka shiga, diyyar kayan mutum ɗaya ba ta wuce kimanin dala 2,000, kuma ƙorafin lalacewa kwana 7 gare shi, na jinkiri kwana 21. Don haka kada ka zuba wayoyin miliyoyi a akwati.

Lokaci da takardu

Farashi yana bin dala, yana kuma bin kalanda. Baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu ne a shekara: tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A makonnin nan tikiti da otal duk suna tashi. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu da shaguna su rufe makonni, ka je ka tarar da ƙofofi a garƙame. Makon farko na Oktoba ma hutu ne. Idan ka ga tikiti ya yi arha ba dalili, duba ko a cikin ranakun nan ya faɗo.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Bizar kasuwanci, mai harafin M, a same ta kafin a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Katin rigakafin cutar shawara, yalo kad ɗin nan, a karɓe shi a ofishin lafiya na filin jirgi, na gaske, ba na bayan fage ba. Kuɗin waje da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastam a nan, a Sin kuma abin da ya haura dala 5,000. Daga filin Baiyun zuwa cikin gari kusan kilomita 30 ne, akwai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, kuma yawancin mutanenmu unguwar Xiaobei suke nufa saboda abincin halal. A garin ne masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Sin, da wani kabari da mutanen wurin ke jinginawa ga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihinmu sun ce a Baƙi'a aka rufe shi.

Wa ya dace da wacce

Mai fitar farko, kuɗinsa a ƙirge, zai je sari ya dawo: Kano ta Adis. Mai neman mafi arha, wanda ba ya gaggawa kuma zai iya daidaita ranakunsa da na jirgi: Kano ta Alƙahira, bayan ya ga tsawon jiran da idonsa, zuwa da dawowa. Dattijo, ko mai larura, ko mai tafiya da iyali, ko malamin jami'a da taro ya biya masa tikiti: Doha, in yankin yana lafiya. Mai son haɗa Turkiyya da Sin: Istanbul. Wanda ranar isarsa ba ta ɗaguwa, kamar mai zuwa buɗe baje koli ko ɗalibin da ke da ranar rajista, musamman a watannin hazo, ya tashi ta Abuja ko da wane kamfani ne, ya kwana can, ya kuma bar kwana ɗaya a tsakani.

Yaron ya ɗauki na awa 19, Kano ta Adis, bayan ejan ya tabbatar masa a rubuce cewa akwati biyu ne. Har ya miƙe ya sa takalmi na kira shi.

"Zo, saura abu ɗaya. Idan sun liƙa wa akwatinka takarda, karanta ta kafin ya shige. Lambar Guangzhou CAN ce, daga tsohon sunanta Canton. Ta Kano KAN. Harafi ɗaya ne tsakaninsu."

Ya ciro biro ya rubuta a bayan hannunsa, ya ce, "To, Kawu. Zuwa da C, dawowa da K."